Ɗakin Mushe Ilyasu Ba Rumbu Ba Ne

Assalamu alaikum. Mai gari, liman, sufeto da ya taso daga Mayahi, darakta da malamanmu, Iya da Inna Aziza, ina gaishe ku. Sunana Nana Firdausi, 'yar kolej. Ban saba magana gaban manya ba, ku yi mini haƙuri.

Marigayi malaminmu, Mushe Ilyasu kamar yadda muke kiran malamai a nan, ya same mu a bencin baya, inda ake ce wa layin jakuna. Ranar dikte, wato shifta, kowane kuskure bulala guda. A gida wasu aka kai su awon ido, wasu aka ce iska ce. Ya kasance shi kaɗai ya tambaye mu abin da muke gani a allo. Na ce masa baƙaƙen musanya wuri suke yi. Ya ce, "'Yata, wannan disleksi ake ce masa. Kanki lafiya lau, hanyar koyonki ce daban."

Ya kasance idan an tashi lakwal, wato makaranta, sai ya buɗe ƙaramin ɗakin nan, ya zuba rairayi a faranti, mu zana harafi da yatsa muna faɗar sautinsa. Muna gina baƙaƙe da yumɓu, muna tafa gaɓoɓin kalma. Wata rana Muddassir ya gina harafi a juye, Mushe ya ce, "Malam magini, ƙofar ɗakinka ta dubi daji, juyo mana ita gari."

Yau kowa ya yabe shi. Amma tun ba a yi sadakar bakwai ba aka zubar da farantan, aka cika ɗakin da buhunan wake, aka kulle. Ƙannenmu sun koma bencin baya. Ranar Litinin an zane Safa, 'yar shekara takwas, kan dikte, kuma babanta ya ce ita da lakwal sun rabu ke nan. Wane irin yabo ne wannan?

Iya, Inna, ku yafe mini ɗaga murya a ranar kukanku. Ɗanku da mijinku ya koya mana aikin, mu da muka shiga kolej mun iya shi. Mushe darakta, makulli muke roƙo. Baban Safa, ka bar mana ita zuwa damina, ka ji karatunta da kunnenka.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Mushe Ilyasu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Gobe da la'asar muna bakin ƙofar, da rairayinmu. Allah Ya sa mu tarar da ita a buɗe. Amin.