Ɓarawon da Ke Sace Mai Gida

A kan benci, ƙofar ɗakin tiyata, wani tsoho mai jiran a kira shi ya zunguri direban da ke kusa da shi.

"Samari, ka iya kacici-kacici?"

"Baba, ƙanena nake jira."

"Jira ba ya hana baki motsi. Ni da ka gani, na ci shekarar fara, na haye agana, ina tsaye motoci suka sauya hannu. Ban shiga aji ba, amma ba a taɓa kayar da ni ba. Wane ɓarawo ne ke sace mai gida ya bar kaya?"

"Mutuwa."

Carbin tsoho ya tsaya cak. "Wa ya kira ta nan? Nawa ɓarawon yana maido abin da ya ɗauka."

"Kullum?"

"Shekara tamanin bai taɓa riƙe ni ba." Ya kalli ƙofar. "Sai dai an ce na cikin nan da allura yake zuwa."

Direba ya buɗe baki zai ce barci, sai ya ga tsoho ya kasa ɗauke ido daga ƙofar, ya fasa.

"Ya gagare ni, Baba. Na ba ka gari."

"Riƙe garinka tukuna."

Nas ta leƙo ta yafito tsoho. Ya miƙe, ya danƙa wa direba sandarsa.

"Kada ka gusa. In na fito zan faɗa maka amsa."

"Ina nan, Baba. Ai ba na tafiya da jahilcina."