Kocin da ke cikin wayar 'yata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, daga Djamboutou nake gaishe ka.

'Yata Habiba ta haɗu da wani a waya, tana ce masa koci. Na ce, "Malami ne?" Ta ce, "A'a Inna, mai horar da mutum ne ya cim ma burinsa." Ko fuskarsa ba ta taɓa gani ba, balle ta san inda ya yi karatu.

Ya sa ta rubuta sunayen masu hana ta ci gaba, ta rabu da su ɗaya bayan ɗaya. Jiya ina shara na tsinci takardar, Allah ya yafe mini, na karanta. Ta soke ƙawayenta biyu da gwaggonta. Sunana ne na gaba.

Jama'a, in yi mata magana, ko in jira?