Ko Zan Ga Innata a Can?

Gaisuwa gare ka, mai gabatar da shirin Kirista na ranar Lahadi. Shekara arba'in ke nan ina yi wa fastoci tambaya ɗaya, kowa sai ya zille. Ni tsoho ne daga ƙasar Kiyawa. Surukina ne ke rubutawa, amma maganar tawa ce.

Farkon zuwan Nasara aka yi wata yunwa, lokacin muna Maguzawa. Innata ta ja hannuna zuwa Dutse neman abinci. In ta samu 'yar dusa sai ta ce, "Ci, ɗana, ni na ƙoshi." Ashe ba ta ƙoshi ba. A hanyar dawowa ta kwanta a gindin wata kuka, ba ta tashi ba. Ko sunan Yesu ba ta taɓa ji ba, don sai da na yi gemu bishara ta iso mana.

Da na karɓi Almasihu, dangi suka hana ni gonar gado. Na jure, don an ce akwai tashin matattu. To, zan ga innata a can, ko ba zan gan ta ba? Wani fasto ya ce, "Baba, ka tuna da Ayuba." Na ce, "Ayuba na tambaye ka?"

Ban bar coci ba, ba kuma zan bari ba. Amma tsufa ya ci ƙarfina. Ku masu karatun Littafi Mai Tsarki, wani ya ba ni amsa a rediyon nan, kafin in je in tambayi Ubangiji da kaina!