Hannun Buraima a Farantinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiyarmu, Alhaji Maiwada, limaminmu Malam Sadiƙ, dattawan unguwar Naseem da na Utaiƙa, 'yan'uwa na Najeriya da na Nijar da neman abinci ya kawo mu ƙasar nan, iyayenmu mata da ke sauraro ta bayan labule, ina gaishe ku gaba ɗaya. Ni ne Jibrin direba. Na gode da aka ba ni dama kafin a ɗaga hannu a kan korar Buraima Damagaram daga wannan ƙungiya.

Kowa ya ga bidiyon da aka yi ta turawa a waya: Buraima a durƙushe a gonar kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, yana yi wa karen farauta tausa. Kowa kuma ya san abin da ya faru Juma'ar da ta wuce. An kawo shinkafar kabsa, ya sa hannu a faranti, sai mutane suka janye nasu ɗaya bayan ɗaya. Bawan Allah ya tashi da lomarsa a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Wallahi har yanzu abin yana ci mini rai.

Magana ta farko, mene ne aikin? Na je gonar da ƙafata, ban tsaya a waya ba. Tsohon kare ne, irin wanda ake kira salugi, gudu a sahara ya cinye masa gaɓoɓi, har ba ya iya miƙewa sai da kuka. Likitan dabbobi ya ce magani kaɗai ba zai isa ba, sai an haɗa da tausa, ya kuma nuna wa Buraima yadda ake yi. Tausar nan tana sa jini ya zagaya, tana sassauta tsokar da ta ɗaure, tana rage ciwon gaɓoɓi, tana kwantar wa dabbar da hankali. Garin tausar ma Buraima ya gano wani ƙullutu a haƙarƙarin karen, aka cire tun bai yi nisa ba. Karen da ake ɗauka kamar buhu, yau da ƙafarsa yake zuwa shan ruwa.

Na ce masa, "Buraima, ba ka ƙyama?" Ya ce, "Malam Jibrin, idan na danna inda ke masa ciwo, irin nishin da yake yi, haka tsohona yake yi."

Magana ta biyu, najasa. Ni ba malami ba ne, sitiyari na sani. Ga Malam Sadiƙ nan, a tambaye shi abin da mazhabarmu ta Malikiyya ta ce game da kare mai rai, da kuma karen farauta. A tambaye shi mana, ya faɗa muku ko najasa ne! Abin da na gani da idona shi ne mutum ya gama aikinsa, ya wanke hannu, ya sake tufafi, ya yi alwala. Malam Abdou, ina ganin kana girgiza kai. Ka yi haƙuri in ƙarasa, kai ma za a ba ka dama.

Magana ta uku ita ce mai zafin. Tun kafin karen nan, wa ake kira idan baya ya riƙe? Ku masu dakon buhunan albasa a kasuwar Aziziya, ɗakin wa kuke zuwa kuna dafe da ƙugu? Mamane, da ka faɗo daga kan gini, wa ya yi ta murza maka kafaɗa har ka koma aiki, iƙamarka ta zama a ƙasar nan ta tsira? A lokacin ba mai tausar kare ba ne, mai tausayi kuke ce masa. Hannun dai shi ne, aikin ma shi ne. Idan muka kore shi yau, a garin nan da ba shi da uwa ba shi da uba, wa zai kai shi asibiti, wa zai wanke gawarsa?

Don haka ina roƙo, ya shugaba. Duk wanda zai ɗaga hannu, ya fara tuna ko Buraima ne ya gyara kafaɗar da zai ɗaga hannun da ita. Ni dai, ko an kore shi ko ba a kore shi ba, ga farantai can an jera, kuma da shi zan ci. Akwai wuri a gefenmu.

Allah ya haɗa kanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mana tausayin duk abin da ke da rai, ya mayar da mu gida cikin mutunci. Buraima, taso ka wanke hannu.

Na gode.