Ihun da Abdussattar Ya Yi wa Baƙi

A tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira, Abdussattar mai wasan 'yar tsana ya rungume akwatin 'yar tsanarsa mai suna Araguz yana ta tsaki, har wata dattijuwa da ke gefensa ta gaji.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Ina lafiya, Hajiya? Fitar da ni aka yi daga bikin 'yar tsana na duniya. Wai in ba Japanawa haƙuri yau, ko a soke wasana na gobe. Garinmu Tanta zan koma."

"Me ka yi musu?"

"Alheri! Suna wasa, zaure tsit kamar gidan makoki. Na ce baƙi ne, kada su koma gida da kunya. Sai na miƙe na daka wa 'yar tsanarsu ihu: 'Ke mai fuskar alli, ga mijinki nan a bayanki!'"

"Innalillahi!"

"To, a wajenmu wasan da 'yan kallo ba su zagi Araguz ba ai mushe ne. Su da suka kalli wasana na farko, ko tari ba su yi ba. Wa ya ci mutuncin wani?"

"Matarka ba ta ja maka riga ba?"

"Da tana da rai, ita za ta fara ihun."

Dattijuwar ta dubi layin dogo. "Jirginku fa ya tashi, kana kallo."

"Na gani." Ya gyara riƙon akwatin. "Hajiya, an ce Japanawa rusuna musu ake yi. Har ina ake kaiwa? Bayan nan nawa ba ya lanƙwasuwa sosai."