Tukunyar Maame Dufie

Jawabin da Buraima mai goro ya yi a harabar mishan, Kumasi, ranar cikar kwana arba'in da rasuwar Maame Susana Dufie, Disamba 1918.

Sarkin Zongo, ranka ya daɗe. Liman da malamanmu, Allah Ya gafarta muku. Osofo, shugaban wannan majami'a, da dattawanta, mun gaishe ku. Papa Kwadwo, mijin marigayiya, da 'ya'yanta, sannunku da haƙuri.

Mutanen Zongo sun ce in yi magana da bakinsu, alhali ni ne na fara korar matar nan daga ƙofar gidana.

Kun san yadda annobar murar nan ta shigo mana. Kasuwa ta watse, masu dafawa suka kwanta, tsofaffin da ba su da kowa suka zauna da yunwa a ɗakunansu. A lokacin ne mata huɗu na mishan suka shigo Zongo da ƙwarya a ka, Maame Dufie a gaba. Na tare ta na ce, "Koma da abincinki. Ba mu san wanda ya yanka namanki ba, kuma mun san abin da ke biyo bayan tuwon mishan."

Ba ta yi fushi ba. Da Hausarta ta 'yan koyo ta ce, "Baba, ka nuna mini mahaucinku."

Washegari ta dawo da sabuwar tukunya da naman mahaucinmu, ta kafa murhu a tsakar gidana don kowa ya gani. Ni kaina ina kwance a ranar, zazzaɓi ya kayar da ni da matata Mamuna. Maame Dufie ce ta ɗaga kan mahaifiyata, Iya Salamatu, ta ba ta koko. "Iya, ka sha," take cewa, don ba ta taɓa raba "ka" da "ki" ba. Iya tana dariya tana sha. Ga ta can zaune yau da ranta.

Marigayiya ta kasance mai fitowa kafin rana ta yi zafi, ta bi gida tara kullum. Ta kasance mai wanke tsumman da mu, 'yan uwan masu shi, muke ƙyamar taɓawa. Ta kasance mai naci. In tsoho ya kau da kai, ta zauna har ya buɗe baki.

Ku tuna Baba Sumana, tsohon ɗan dakon da ya zo da ayarin Salaga, bai bar ɗa ko jika ba. Ya ƙi cin fufu, ya ce tuwo yake marmari da miyar kuka. Ta koya a wurin matanmu. Tuwonta na farko duk gudaji ne. Ya ce, "'Yar nan, wannan ai tsakuwa ce," amma ya cinye.

Ranar da numfashinsa ya fara sarƙewa, ita kaɗai ce a kansa. Ga tsoho ba gata, ba mai gani. Da tana da wata manufa, ranar ce ranarta. Sai ta fito da gudu ba takalmi har ƙofar Malam Awalu tana kira: "Malam, zo maza! Baba zai tafi, zo ka faɗa masa kalmarku!" Baba Sumana ya cika da shahada a bakinsa, kansa a kan cinyar Kirista.

Bayan kwana shida ciwon ya kama ta. Kwana biyar ta yi.

Papa Kwadwo, na yi ta cewa in na ƙara samun ƙarfi zan zo in nemi gafararta. Ban zo ba. Yau a gaban jama'a nake roƙonka, ka yafe mini a madadinta. Ku 'ya'yanta, duk ƙofar da kuka ƙwanƙwasa a Zongo, gidan uwarku ne.

Mun gode wa matan mishan uku da suka rage, mun gode wa duk wanda ya zo. Medaase, kamar yadda kuke godiya da harshenku.

Ya Allah, Kai ne Ka san bayinKa, ba mu ba. Mu dai mun shaida ta ciyar da mu muna jin yunwa. Ka saka mata, Ka sanyaya zuciyar iyalanta, Ka ɗauke mana wannan annoba.

Jama'ar Zongo, akwai sauran tsofaffi biyar a ɗakunan nan. Gobe da safe kada su jira baƙo ya kawo musu abinci, mu kai musu da kanmu. Amin.