Dajin da Babu Ɗan Kano

An ce a tsakiyar Kuala Lumpur akwai daji mai gadar igiya a saman bishiyoyi, wai Bahaushe bai taɓa taka shi ba. Hajiya Hureira, tsohuwar shugabar makaranta, ba ta yarda ba. Amma gobe za ta koma Kano, akwatunanta sun cika, masu kawo saƙo sun hana ta sakat a gidan ɗanta, sai ta fito neman mafaka a dajin. A tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa ta ji wani saurayi yana waya da Hausa.

"Sannu samari. Ka san dajin Bukit Nanas?"

"Ni kuwa, Hajiya! Shekarata shida a garin nan. Babu kowa a wurin sai birai."

"Ka shiga kenan?"

"Ban dai shiga ba, amma a guruf ɗinmu na Hausawan garin nan ake turo hotunansa."

"Madalla da ilimi. Ku nawa ne a guruf ɗin?"

"Ba mu da yawa fa, ɗari huɗu ne."

"Lallai sirri ya ɓoyu. Birai sun kusa iya gaisuwa."

Ya yi dariya, ya ƙura mata ido.

"Hajiya, ba ke ce mahaifiyar Dakta Maitama ba, mai tashi gobe? Ɗan turare ne kawai za ki kai mini gida, bai kai kilo biyu ba."

"Wa ya gaya maka gobe zan tashi?"

"Dakta ne ya sanar a guruf. Ya ce kin nufi dajin, mai saƙo ya same ki a can."

Mutum goma sha ɗaya ta tarar a bakin gadar, kowa da ledarsa.